Haƙoran Sama da Idon Anduang

Kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan wannan rubutu, bari in amsa laifina da bakina. Wata biyar cur ina tura wa Uda Afdal hotuna, kuma babu ko ɗaya da na buɗe baki a ciki. In hoto ne, leɓe a rufe gam. In kiran bidiyo ne, takunkumi a fuska, in ya tambaya in ce hayaƙin suyar rogo ke sa ni tari. Ƙarya ce, 'yan uwa. A bayan shagonmu ake suyar, ni kuwa a gaban kanta nake zaune ina ƙulla wa masu saye soyayyen rogo mai barkono, ko ɗigon hayaƙi ba ya iso ni.

Sunana Nofrita, a gida Ita ake ce min. Shekarata ashirin da shida, a Bukittinggi aka haife ni, kuma damuwata a duniya ɗaya ce tak: haƙorana huɗu na gaba.

Shekara uku da suka wuce a cunkushe suke, wani ya hau kan wani kamar fasinjojin ƙaramar bas ranar kasuwa. Sai na je wurin Dokta Meilani a sa min behel, ƙarfen nan da ake ɗaura wa haƙora su miƙe. Ta ɗauki hoton ƙashin bakina, ta ɗaga shi a fitila, ta ce wurin ya yi wa haƙoran kaɗan. Sai an cire biyu a sama, na bayan fiƙa, ɗaya dama ɗaya hagu, sannan sauran su samu inda za su ja baya. Na dawo gida da murnata, na zauna na ba da labari tiryan-tiryan. Da na sani da na kama bakina.

Anduang, kakata ta wajen uwa, tana bakin tagarta tana naɗa ganyen sirih da za ta tauna. Ta tsaya cak.

"A cire me?"

"Haƙori biyu kawai, Anduang."

"Na sama ko na ƙasa?"

"Na sama."

Ta yi salati har sau biyu. "Ke ba ki san jijiyar haƙorin sama da ta ido uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ba? Yayana Udin a kasuwa aka cire masa na sama, kafin girbin shinkafa ya zagayo sai da sanda yake fita. Garin gyaran gira za ki rasa ido? Ba dai a gidana ba."

Kuma gidan nata ne. Ita ta gaje shi a wurin uwarta, da matakalarsa ta katako da gonar da ke bayansa, Amak mahaifiyata za ta gada a wurinta, ni in gada a wurin Amak. In Anduang ta ce a'a, har kyanwar gidan ta san an gama magana. Na juya wurin Amak ko za ta cece ni, sai cewa ta yi, "Ita, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." Daga nan ta koma kan tukunyarta.

Dokta Meilani ta gargaɗe ni sau uku. Ta ce in ba a cire ba za su jeru, amma gaba za su turo, don ba su da wata hanya. Na ce na ji na gani. Shekara biyu ina fama da ƙarfe a baki, ban ci masara gasassa ba, ban ciji ɗanyen mangwaro ba. Ranar da aka cire ƙarfen, bara ke nan, na karɓi madubi na duba. Sun jeru kam, reras, babu wanda ya hau wani. Sai dai duk sun baje sun leƙo waje kamar rumfar shago. Don ƙarin gishiri, robar da aka ba ni in riƙa sawa don kar su ƙara motsi, na naɗe ta a takardar goge baki a gidan abinci a wata na biyu, aka kwashe da ƙasusuwan kifi. Kunya ta hana ni komawa a yi min wata, su kuma suka samu sake suka ƙara gaba.

Ku da haƙoranku ke zaune lafiya ba za ku gane ba. In zan haɗa leɓena sai na yi da ƙarfi, haɓata ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar bawon lemo. In na farka da safe bakin a bushe. In na shafa jan baki, rabi a haƙori yake ƙarewa. Etek Nurbaiti, ƙanwar Amak, wadda ba ta san a rage magana ba, ta taɓa ce min, "Ita, ke dai haƙoranki ke riga ki yin sallama." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, da gefen mayafi a baki. Daga baya na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Mutum ɗaya ce kawai ke yabon su kullum. Anduang takan ɗaga kai ta ce, "To kin gani? Sun jeru tas, ga idonki garau. Da kin bi ta likita fa?" Ni kuwa in ce a raina, wannan tsohuwa da taurin kai take, abu a gabanta ƙiri-ƙiri ta ƙi yarda. Tun bara ta ajiye ɗinkin surfani da take yi, wai allurar zamani kafarta ta yi ƙanƙanta, amma bakinta bai ajiye aiki ba.

Etek ɗin nan ce ta kawo zancen Uda Afdal (Uda wato yaya ke nan a yarenmu). Ɗan yayar mijinta ne, yana da shagon tabarau a Pekanbaru, shi da kansa yake gwada ido ya yanka gilashi. Ta ba shi lambata ba tare da ta tambaye ni ba. Na yi niyyar in share shi, amma mutumin nan akwai iya hira. Ba ya cika ni da kalaman zuma. Sai dai ya turo hoton abincin da ya ƙona ya rubuta, "Ki yi wa tukunyar nan addu'a, ta rasu tana kan aiki." Haka kawai zan tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a shago, cikin takunkumi. Ina son sa, in faɗa muku gaskiya, son da ban taɓa yi wa kowa ba. Shi ya sa tsoron ya yi yawa.

Su Amak kuwa har sun fara shawarar wa da wa za su ɗauki farantin sirih zuwa gidansu, tunda a al'adarmu dangin mace ne ke zuwa neman namiji. "Ashirin da shida, Ita!" in ji Amak kullum. "Ni a shekarunki har na yaye ki na huta."

Ranar Alhamis na ce zan je sayo leda, na zarce wurin Dokta Meilani. Ta duba, ta ɗan yi tsaki a hankali, ba ta ce ai na faɗa miki ba, Allah ya saka mata.

"Maganar ba ta canza ba," ta ce. "A cire biyun nan, a mayar da ƙarfe, mu ja na gaban baya a hankali. Shekara ɗaya da rabi, in kin kiyaye."

"Babu gajeriyar hanya, Dokta?"

"Da kaɗan suka turo, da sai in goge gefensu in samar musu wuri. Naki sun wuce nan."

Na yi ƙasa da murya. "To ido fa?"

Ta yi dariya har ta cire safar hannu. "Shekarata sha huɗu ina cire haƙoran sama, Ita. Har yau ban raka kowa gida da sanda ba. Ke ba yarinya ba ce, sa hannunki kaɗai nake buƙata. Litinin ƙarfe goma, in rubuta ki?"

Na ce ta rubuta. Dabarata ita ce in ja Uda Afdal da hira da takunkumi har haƙoran su ɗan koma, tunda ya ce sai hutun Sallah zai zo gida. Ina saukowa daga matakalar asibitin wayata ta yi ƙara, saƙon Uda Afdal ne.

"Albishirinki. Jibi Asabar ina hanya. Etek za ta kawo ni in gai da Anduang bayan azahar."

Na rubuta, "Ina mura." Na goge. Na rubuta, "Za mu je ta'aziyya." Na goge, don Etek ta san duk wanda ya mutu a garin nan tun kafin ya cika. A ƙarshe na tura, "Allah ya kawo ka lafiya, Uda," da hoton fure. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar na yarda.

Asabar tun safe gidan ya rikice. Amak ta dafa naman rendang tun jiya, ta goge kujerun falo, ta fito da kofunan gilashi masu bakin zinari waɗanda ba ma taɓawa sai da Sallah. Ni na canza kaya sau huɗu. A ƙarshe na tsaya a kan doguwar rigar baju kurung ruwan ganyen ayaba mai surfani a wuya, wanda Anduang ta yi min da hannunta shekara biyu da suka wuce, da mayafi ruwan madara. Na ɗauko takunkumi sabo fil wanda ya shiga da kayan. Amak ta fizge shi.

"A falon uwata za ki tarbi baƙo kamar mai aikin tiyata? Ajiye."

Don haka na tsaya gaban madubi na yi atisaye. Leɓe a haɗe, kai a sunkuye, "E, Uda," "A'a, Uda," duk ba tare da leɓen sama ya ɗaga ba. In dariya ta taso, hannun dama ya kai mayafi baki. Na gwada sau goma, na ga zan iya.

Na leƙo ta labule lokacin da suka hawo. Ya fi hotonsa tsawo, da rigar batik ruwan ƙasa, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya durƙusa ya kama hannun Anduang ya kai goshinsa. Zuciyata ta yi wani irin tsalle da na ji kunyar kaina. Amak ta ɗora min babban tire, kofi biyar na shayin ƙwai cike har baki, kumfa na rawa, ta ce in na zubar ko ɗigo ɗaya a shimfiɗarta ba ni ba ita.

Na fito a hankali, hannu biyu riƙe da tire. Daidai lokacin Anduang ta fara nata binciken.

"Yaro, Nurbaiti ta ce min kana sa tabarau mai kauri."

"Haka ne, Anduang."

"An taɓa cire maka haƙorin sama?"

Etek ta ce wa uwarta, "Haba, baƙo daga zuwa?" Anduang ta ɗaga mata hannu.

Uda Afdal ya gyara zama, ba ko ɗar. "An cire, Anduang. Biyu a sama, biyu a ƙasa, ina shekara sha bakwai. Ni ma na sa behel."

Anduang ta buga cinya. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Ita, ina kike? Ga abin da na raba ki da shi!"

Shi kuwa, cikin ladabi, kai a ƙasa, ya ce, "Sai dai tabarau ɗin tun ina aji ɗaya na firamare nake sawa, Anduang. Wataƙila idon ya samu labarin za a cire ne tun shekara goma kafin lokacin, ya fara shiri."

Jama'a, ban san lokacin da ta ƙwace min ba. Ba 'yar dariyar da na yi atisaye ba, a'a, ta gaske, mai ƙara, wadda ke buɗe baki har a ga dasashi. Na nemi hannun da zan kai mayafi, babu. Dama na tire, hagu na tire, kofi biyar masu bakin zinari a kai. Na tsaya a tsakiyar falo haƙorana duk a waje, shi kuma ya ɗago ya dube ni sosai ta cikin gilashin nan nasa. Bai yi dariya ba.

Na dire tiren, ban zubar ba, wannan kaɗai na tsira da shi. Na miƙa wa kowa kofinsa, na koma ɗaki na faɗa kan gado da kayan a jikina. Ina jin muryoyinsu sama-sama har aka yi la'asar suka tafi. Na ce shi ke nan, Ita, kin ga samu kin ga rashi. Wata biyar kina gini, dariya ɗaya ta rushe.

Ko motarsu ba ta kai kwanar masallaci ba saƙo ya shigo. Na daɗe ina kallon wayar kafin na buɗe. Bidiyo ne gajere, na bikin 'yar Etek wata bakwai da suka wuce. Ga ni can a gefe ina raba faranti, wani ya faɗi wani abu, na sheƙe da dariya baki buɗe, ban san ana ɗauka ba. A ƙasa ya rubuta:

"Wannan na gani na ce wa Etek ta samo min lambarta. Wata biyar wata mata mai rufaffen baki take turo min hotuna, ina ta haƙuri. Yau dai na ga wadda nake nema."

Na karanta sau shida. Na yi kuka, na yi dariya, na cusa fuska a matashi kar Amak ta ji. Na rubuta masa gaskiya duka, har da Litinin ƙarfe goma, na ce ko yana so ko ba ya so ni na gaji da bushewar baki da ɓuya. Ya amsa, "Bakinki ne, Ita. In kin gyara ina nan, in kin bari ina nan. Ƙarfen ma na san zafinsa, zan koya miki cin ayaba da cokali." Sai wani saƙon ya biyo baya.

"Amma akwai wata magana. Da kika miƙa wa Anduang kofi, hannunta ya wuce ta gefe, sai da ta laluba. Na zauna kusa da ita na duba da kyau. Ina zargin yanar ido ce a idon duka biyu, kuma ta yi kauri. A kai ta wurin likitan ido ya tabbatar, yawanci ana cirewa mutum ya gani. Tun yaushe take haka?"

Na tashi zaune. Allurar da kafarta ta yi ƙanƙanta. Yadda take kiran sunan kowa tun yana kan matakala, kafin ya shigo. Yadda ta ce Nurbaiti ta ce min kana sa tabarau, alhali ga shi zaune a gabanta. Muna gida ɗaya, ina ta lissafin haƙorana a madubi, ban taɓa duban idon kakata ba.

Tana bakin tagarta, hasken yamma na dukan fuskarta. Na durƙusa a gabanta ban yi magana ba.

"Ita, ke ce," ta ce. "Tafiyarki irin ta uwarki."

"Anduang, wane launi ne rigar jikina?"

Ta tauna sirih ɗinta sau biyu. "Yaron nan ne ya faɗa miki ko? Na ji shi yana leƙa fuskata. Mai wayo ne, ki riƙe shi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a cire miki ƙarfen nan abu ya fara yin hazo. Yanzu inuwa kawai nake gani." Ta ɗan yi murmushi, haƙoranta jajaye da sirih, cif-cif babu giɓi. "Ga su nan kuma, na saman, ko ɗaya ban taɓa cirewa ba. Da wane baki zan faɗa?"

"To da kike cewa sun jeru tas..."

"Ai an ce min sun jeru. Matso."

Ta ɗago hannuwanta biyu ta kama fuskata. Yatsunta masu ƙanshin ganye suka bi goshina, suka sauko hanci, suka tsaya a baki. Na saki leɓen, karo na farko ban haɗa shi da ƙarfi ba. Ta shafa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta sake shafawa.

"Haka suke? Shekara guda haka kike yawo, ina yabo?"

"Ba komai, Anduang."

"Da komai mana. Shi ya sa na daina jin dariyarki sai a toshe. Na ɗauka girma ne ya zo miki."

Sai wayata ta yi ƙara a cinyata. Ta ce wane ne, yaron ne? Na duba, na ce a'a. Ta ce in karanta mata. Na so in yi ƙarya, amma ƙaryata ta ƙare a falo tun da azahar. Na karanta mata yadda yake: "Ita, Dokta Meilani ce. Litinin ƙarfe goma tana nan? A cire ko a fasa?"

Anduang ba ta ɗauke hannunta daga fuskata ba. Ina jin Amak na kwashe kofuna a falo. Na san yayanta Udin take tunawa, da sandarsa. Tsoron nan ya fi shekara sittin a ƙirjinta, ba barkwancin Uda Afdal ne zai cire shi a yini ɗaya ba.

"Rubuta mata," ta ce. "Ki ce mu biyu za mu zo."

"Rakiya za ki yi min?"

"Wace rakiya? Ki ce ta fara cire nawa, na sama, guda ɗaya. Ni abin da ya rage min na gani ba shi da yawa, in ya tafi ba a yi asara ba. In na tashi daga kujerar ina ganin inuwarki kamar yanzu, to sai ta taɓa naki."